Ƙwaya Tara a Carbin Baba

Zariya

Ana kiran assalatu na fita daga gidanmu na Tudun Wada, carbin mahaifinmu ɗaure a bakin zanena. Ban sallami yayana Sani ba, don da na sallame shi da faɗa za mu yi.

Baba, Sajan Garba, tsohon soja ne. A Akra ya shiga soja yana saurayi, aka kai su yaƙin Bama, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ba mu labarin yaƙin ba. Carbinsa baƙi ne, ƙwayoyinsa kamar gurjiya, sun yi sumul don ja. Muna yara mun san idan ya zo ƙarshensa yakan rufe ido, ko gobara ake ba ya amsa magana.

Ranar sadakar uku wani malami ya ɗauki carbin ya ƙirga, ya sami ɗari da takwas. Ya ajiye shi kamar ya taɓa garwashi, ya ce wannan ba na Musulmi ba ne. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka wai Sajan Garba tsafi yake yi tun dawowarsa. Yaya Sani ya rantse ranar arba'in zai ƙone shi a gaban jama'a. Ni kuwa ina riƙe da abin da Baba ya faɗa mini a gadon asibiti: "Binta, ki kai wa aminina Isaka na unguwar Nima a Akra carbina." Na ce sai na ji daga bakin Isakan nan kafin a ƙona sunan ubana.

Legas zuwa Aflawo

Motar kaya na samu, na zauna a gaba. Direban ɗan Funtuwa ne, bakinsa bai huta ba har Legas. Na kwana a Agege wurin wata ƙawata mai sayar da goro, da safe na shiga fijo mai zuwa iyaka.

Shingen hanyar nan sun ba ni mamaki. Ba ka gama gyara zama an sake cewa a sauko. Daga Seme zuwa Kwatano, daga Kwatano zuwa Lome, kowane mai kaki da irin hannun da yake miƙawa. A Aflawo, bakin ƙasar Gana, wata ma'aikaciya ta lalube ni ta ciro carbin, ta ɗaga shi sama tana juyawa.

"Magani?" ta ce da guntuwar Hausarta.

"Na salla ne," na ce, alhali ni kaina ban tabbata ba. Ta jefo mini shi a cinya.

Tudu da Nima

Da azahar muka sauka a tashar Tudu, cikin birnin Akra. Wayyo hayaniya! Mata da tire a ka, 'yan dako na ihu, ga warin kifi. Na tambayi wata mai sayar da wake da shinkafa hanyar Nima, ta dube ni ta ce, "Kai baƙo ne? Akwaba, sannu da zuwa. Shiga trotro can." Na waiwaya in ga namijin da take yi wa magana, ashe ni ce. Trotro ita ce ƙaramar motar hayarsu, ana cusa mutane kamar buhuna.

A Nima lungu ya haɗu da lungu, kwata na gudu a tsakiya, rufin kwano ya jingina da rufin kwano. Isaka kuwa sun fi goma. Sai da na ce tsohon sojan Bama wani tela ya ce, "Ah, Baba Sajan! Ya koma Mamobi wajen ɗiyarsa." Ya rufe kekensa ya raka ni da ƙafa.

Mamobi

Na same shi a kan kujerar malam-zauna, idanunsa sun yi fari, ba ya gani. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni 'yar Garba ce ta Zariya, Garba ya rasu. Na sa masa carbin a hannu, yatsunsa na taɓawa ya ce, "Innalillahi. Har yanzu yana nan?"

"Baba, ana cewa ba na Musulmi ba ne."

"Gaskiya suka faɗa, ɗiyata. Na masu addinin Buddha ne."

Na ƙetare ƙasa uku don in wanke ubana, ga amininsa ya tabbatar da maganar malamin. Na fara kuka ba kunya. Ya ce in sha ruwa in saurara.

Ya ce a dajin Bama aka tarwatsa su, shi da harbi a cinya, Baba ya goya shi, suka faɗa wani ƙauye. Wani tsoho mai askakken kai da mayafi ruwan ɗorawa, malamin addinin mutanen wurin, ya ɓoye su ƙarƙashin dakalin ɗakin ibadarsa. Yana dafa musu ƙwayar wani irin bado da ke tafkinsu, suna ci.

"Da irin ƙwayar aka yi wannan," ya ce yana murza carbin. "Daga baya wani tafinta ya yi mana bayani. Furen nan cikin taɓo yake tsirowa, amma ya fito tas, laka ba ta kama shi. Suka ce haka ake so mutum ya zauna a duniya. Ɗari da takwas kuma, a wurinsu, yawan dauɗar zuciya ne, su kwaɗayi da fushi. Kowace ƙwaya ka ja, kana neman wanke ɗaya."

"Shi ya ba Baba?"

"Bai samu ya ba shi ba. Sojojin Japan suka zo nemanmu. Ya zauna a bakin ƙofa yana jan carbinsa, suna tambaya yana shiru. Muna ƙarƙashinsa muna jin komai. Da suka tafi muka fito, muka tarar da shi kwance babu rai, wannan a hannunsa."

Na kama bakina. Mutumin da ban san sunansa ba, wanda da na gan shi a hanya da na kauce, shi ne sanadin haihuwata.

Baba Isaka ya ce a jirgin ruwa na dawowa ya ba Baba shawara ya cire tara ya zama casa'in da tara. "Ubanka ya kusa marina. Ya ce casa'in da tara na sunayen Ubangijinsa ne. Taran nan kuma na bawan da Ubangiji Ya aiko mana ne, a kansu zai riƙa cewa Allah Ya saka masa, har ya mutu."

Sai na tuna rufe idon nan. Na miƙa masa carbin na ce wasiyya ce, nasa ne. Ya ture hannuna. "Me makaho zai yi da shi? Ba carbi Garba ya aiko ba, kunnenka ya aiko. Shi bakinsa ya kasa faɗa."

Komawa gida

Kwana biyu na yi, 'yar Baba Isaka, Amina, ta cika ni da dokunu, tuwon masararsu mai tsami, da soyayyen kifi, ta kai ni Tudu da kanta. Hanyar dawowa ban ma lura da shingayen ba.

Na iso Zariya ana gobe sadakar arba'in. Yaya Sani na zaure, ya haɗe rai, ya ce, "'Yar yawo, an dawo?" Na zauna na zayyana masa komai, na ajiye carbin a tabarmarsa, na ce ga ashana can a kan taga.

Ina godiya ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, da telan Nima da ya bar aikinsa, da Baba Isaka da iyalinsa. Washegari bayan an shafa fatiha na leƙa zaure, malamin nan da ya ƙirga carbin na zaune a gefe, na ga Yaya Sani yana jan carbin a gaban kowa. Na tsaya ina bin yatsunsa da ido. Ya kai casa'in da tara, ya ɗan dakata, sannan ya rufe ido ya ci gaba.