Kwamfuta Mai Baƙin Allo a Soron Malama Baraka

Duk wanda ya zauna a Mandawari a farkon dawowar mulkin farar hula ya san soron Malama Baraka, ko da bai taɓa kai takarda a buga masa ba. A gidan aka haife ta, 'yar wani maɗinkin hula ce, kuma tun tana ƙarama aka san ta da yawan tambaya. Da ta gama makarantar 'yan mata ta koyi tafireta, ta yi shekara ashirin da bakwai tana buga takardu a wata ma'aikata. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya huɗu, ta aurar da su. Shekarar da soja suka koma bariki ta yi ritaya, tana da hamsin da ɗaya. Mijinta ya riga ya rasu, sai ta dawo gidan iyayenta.

Ƙanenta Gali, mai gyaran rediyo da talabijin, shi ya samo mata kwamfuta uku 'yan gwanjo, ya jera su a soro don ta riƙa yi wa mutane bugu. Biyu Windows ke kansu, ga launi, ga hotuna. Ta ukun tsohuwa ce mai DOS, allonta baƙi wuluk, ba ta yin komai sai an rubuta mata umarni. Ita ce Baraka ta fi so, don ta fi kama da tafireta.

Wata rana da hantsi babu aiki, tana binciken abin da tsohon mai na'urar ya bari a ciki, sai ta ga wani suna da ba ta gane ba. Ta buga shi. Allon ya cika da zanen wani ɗan aike da jakinsa a bakin hanya, a ƙasa kuma an rubuta da Turanci cewa an ba shi wasiƙa ya kai wani gari bayan duwatsu. Sannan aka tambaye ta: me za ka yi?

Ta rubuta masa ya yi gabas. Ya yi gabas. Ta ce ya ɗauki igiyar da ke ƙasa, ya ɗauka. Ba ta ankara ba sai jin kiran sallar azahar ta yi.

Da farko ta ɗauka abin na matasa ne. Samarin da ke zuwa buga takardar neman aiki ta nuna musu, suka leƙa, suka yatsina fuska, suka koma kan masu launi inda ake wasan ƙwallo da tseren mota. Karatun ya yi musu yawa. Wanda ya tsaya shi ne Alhaji Ɗalha, maƙwabcinta, tsohon falken shanu da ya sha kora garke da ƙafa zuwa Kudu kafin ya zauna. Ya zo a buga masa katin ɗaurin auren jikarsa, ya tarar da ita tana ƙorafi ita kaɗai.

Ya ce, "Malama, ke da wa kike faɗa?"

Ta ce, "Da jaki, Baba Alhaji. Kwana huɗu ke nan ya ƙi hawa gadar nan."

Ya gyara tabarau ya duba zanen. "Gadar katako ce? Yana hango ruwa ta ƙasa?"

"Haka aka rubuta."

"To ai ba zai hau ba. Rufe masa ido. Akwai ƙyalle a kayan yaron?"

Akwai wani mayafi da ta tsinta tun farkon tafiya, ba ta san amfaninsa ba. Ta rubuta a rufe wa jakin ido da shi. Jaki ya haye lafiya lau. Alhaji Ɗalha ya yi dariya har da tari, ya jawo benci ya zauna. Bai san Turanci ko kalma ɗaya ba, amma daga ranar kullum bayan la'asar yana nan: ita tana karantawa tana fassarawa, shi yana ba da shawarar hanya.

Sannu a hankali wasu suka ƙaru. Akwai 'Yardada mai ƙosai, wadda ta fi kowa tuna inda aka bar kowane abu. Akwai wani malamin firamare, da wata ɗaliba da ke zuwa da ƙamus. Abin ya ba Baraka mamaki, ta fara tambayar kowa shekarunsa. Ɗalibar sha uku, malamin arba'in da biyu. 'Yardada ta ce ita ba ta sani ba, amma shekarar da motoci suka koma bin hannun dama tana goyon ɗanta na uku. Alhaji kuwa ya ce lokacin da ake kwasar soja zuwa ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu ya fara azumi. Baraka ta lissafa, ta ba shi saba'in da biyu. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne babu ko mutum ɗaya tsakanin sha biyar da talatin da biyar. Ta tambayi wani saurayi dalili, ya ce, "Hajiya, wannan ai ba wasa ba ne, jarrabawa ce."

Ana cikin haka Gali ya zo da faifan sabon Windows, ya ce zai ɗora wa duka ukun.

"Yaya, duniya ta wuce baƙin allon nan. Zan ƙara mata ƙarfi, ta zama kamar 'yan uwanta."

"Ɗan aiken fa?"

"Wannan tsohon abu ne, don tsohon tsari aka yi shi. Wataƙila ya tashi, wataƙila ya ƙi."

"To ɗora wa biyun, ka bar mini wannan. Wata bakwai muna tafiya, ba zan bar mutum a tsakiyar dutse ba."

Gali ya girgiza kai, ya yi yadda ta ce. Kafin ya tafi ya tsaya bayan masu wasan yana kallo, har ya ce ɗan aiken ya gwada ƙofar hagu. Ba ta buɗe ba.

Sai da suka shekara guda cif kafin ɗan aiken ya isa garin. Ya miƙa wasiƙar, aka yi masa godiya da layi biyu, allo ya tsaya. Alhaji Ɗalha ya ce, "Shi ke nan? Ko ruwa ba su ba shi ba?" Sannan ya ce, "Wanda ya tsara wannan ya san jaki. Ina son in san ko yaro ne ko babba."

A ƙasan allon akwai adireshin akwatin gidan waya na wata ƙasar Turai. Baraka ta buga wasiƙa, ta faɗi ko su wane ne, da shekarun kowa, ta tambayi na mai wasan. Gali ya ce ɓata kan sarki kawai ta yi.

Bayan wata biyar amsa ta zo, da rubutun hannu. Mace ce, shekararta sittin da shida, tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin karatu da ta tashi a gonar kakanta. Ta ce yawancin masu rubuto mata ko yara ne ko waɗanda suka manyanta, ita ma ba ta san dalili ba. Ta tambaya ko gaskiya ne ana kora shanu da ƙafa tafiyar wata biyu.

Alhaji ya ce a ɗauko takarda. Kwana uku yana ba da labari Baraka tana bugawa, har shafi tara.

Sau huɗu suka yi musayar wasiƙa kafin Allah ya yi wa Alhaji Ɗalha rasuwa. Baraka ta ci gaba da aiki a soron har idonta ya raunana, sannan ta bar wa 'yarta Hassana wurin, ta koma cikin gida.