Furshin Keken Baba

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Gidimuni, ni da wani aminina, da keken marigayi mahaifina ɗaure a saman mota. Direba ya karɓi jaka ɗaya kuɗin keken, wai ƙarfen mutanen da ne, ya fi buhun gero nauyi. Bai yi ƙarya ba.

Bari in faɗi gaskiya, ba gyara ya kai ni Damagaram ba, shaida na je nema. Bayan rasuwar Baba keken ya shekara a gidan wana kafin rabon gado ya faɗo da shi kaina. Da na karɓa sai na lura da furshinsa, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Inda fenti ya ɓare kore ne, jikin keken kuwa baƙi. Nan take na ce Yaya ya cire na asali ya sayar. A gaban iyalinsa na faɗa. Shekara biyu ke nan ko gaisawa ba ma yi.

Hanya ba laifi, sai ramuka nan da can. A Mirriya muka karya da kunu da ƙosai, ƙosan sun ƙanƙance kamar ana jin haushin mai saye. Wani jandarma ya duba takardunmu, ya ɗaga kai ya ce keken nan ya girme shi, ba zai tambaye shi takarda ba.

Da hantsi muka sami tsohon da Baba yake kai wa gyara, a wata rumfa bayan kasuwa. Idonsa ya yi rauni, da yatsu yake gani. Ya kwance babban notin wuya, ya tare ƙwallayen ƙarfen a murfin gwangwani, ya zaro furshin. Ya nuna mini bututun da ke shiga wuyan keken, da kafaɗar da ƙafafun biyu suka haɗu, da bakin da ke kama tayar.

"Dattijo, furshin nan ai ba na keken ba ne ko?" na ce, har ina murmushi.

"Ba nasa ba ne. Taɓa nan." Ya ɗora yatsana a bakin bututun. "Ya yi tsawo, da zarto aka rage shi. Wannan tsatsar ta shekara biyu ce? Ga ɗigo uku a ƙarƙashin kafaɗa, shaidata ce. Ni na sa shi, tun kana sa gajeren wando."

"To ina na asalin?"

"Ƙaramin ɗan marigayin ya sace keken ya gabza da amalanke, ya mayar zaure ya yi shiru. Uban ya ce kada in faɗa, yaron kwana biyu bai ci tuwo ba don tsoro." Ya tsaya. "Kai ne babban ko ƙaramin?"

Aminina ya juya yana kallon masu wucewa. Ni kuwa na tuna amalanken, har jakin na tuna. Shekara talatin ina zaton Baba bai gane ba, wai keken ne ya miƙe da kansa.

Bayan la'asar muka sauka gida. Ban bi ta ƙofata ba, na tura keken har gidan Yaya. Na same shi yana gyaran dabino a tabarma. Na durƙusa na fara bayani.

"Na sani," ya ce. "Ni na riƙe wa Baba keken a mota ranar da ya kai shi gyara."

"Yaya, me ya hana ka faɗa?"

"Ya ce a rufa maka. Ni zan buɗe?"

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, na iya ganin fentin da ya bambanta, amma ban iya ganin wanda ya rufa mini asiri ba. Yaya ya matsa ya ba ni gefen tabarma. Keken yana zaurensa, na ce can ne wurinsa.