Hancin Bernadine da Jar Motar Babana

Ƙarfe shida na safe Bernadine Pietrzak take ɗage ƙofar garejinta da ke bayan layin dogo a birnin Toledo. Ta ɗora kofi, ta yagi farar takarda ta cusa a aljihu, sannan ta zauna jiran wawan farko na ranar. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye sifana, don gwiwoyi sun ce sun gaji.

Aikinta ɗaya ne, giyar otomatik ta tsofaffin motocin nan masu silinda takwas, waɗanda in sun yi gurnani tagogin maƙwabta ke rawa. Ba ta fara buɗe bonet. Sai ta zauna kusa da direba, ta rufe ido, ta dafa ƙasan motar da tafin hannu, ta ce, "Ja mu je." In an dawo, ta ɗiga man giya a farar takardar, ta duba launi, ta shinshina. Orval mai sayar da taya ya rantse a gabansa ta taɓa shinshinawa ta ce wa wani, "Kwalekwale ka ja da ita zuwa tafki, ko?" Mutumin sai sunkuyar da kai.

Ni ne wawan farko na wata Laraba a bara. Babana, Casimir, yana gidan kula da tsofaffi, mantuwa ta ci ƙarfinsa, wata takwas rabon da ya kira sunana. Abu ɗaya bai manta ba, jar motarsa ƙirar 1970. Likita ya ce in da abin da za mu yi masa, kada mu jira lokacin sanyi. Na yi alkawari ranar Asabar zan zaga da shi bakin tafki a cikinta.

Motar kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Giya ba ta sauyawa sai injin ya yi ihu, sannan ta fizga kamar an mare ta, salansa na aman farin hayaƙi. Da yake ni malamin tarihi ne wanda ya kalli bidiyon gyara har guda uku, sai na yi ta ɗura mata man giya, tana shanyewa. Gareji biyu suka ce sai an sauke giyabos, aikin sati uku.

Bayan mun zaga, Bernadine ta ce, "Farfesa, gwangwani nawa ka ɗura mata?"

"Biyu."

Ta dube ni ta saman tabarau.

"Biyar."

"Ka ga ɗigo a inda kake ajiye ta?"

"Ko ɗaya."

"To ina ka zaci man yake zuwa? Coci?"

Ta kwanta ta shige ƙarƙashin motar, tana zagin gwiwoyinta ɗaya bayan ɗaya. Ta zare wani siririn tiyo daga jikin giyabos, sai ga jan mai yana ɗiga.

"Iska kawai ya kamata tiyon nan ya ɗauka," in ji ta daga ƙasa. "Robar cikin wannan ɗan ƙoƙon ƙarfen ce ta yage, injin yana zuƙe man giya yana ƙonawa. Giyabos lafiyarsa lau. Ya ma fi ka lafiya."

Ta ɗauko sabon ƙoƙo daga kantar kayan gyara ta ɗaura. Kofina bai huce ba ta gama.

Ranar Asabar, ba wanda ya gayyace ta, sai ga ta a ƙofar gidan tsofaffin. Ta shige kujerar baya tana cewa, "In ta mutu a hanya, kada ka taɓa komai, don Allah."

Babana ya zauna gaba, bai ko dube ni ba. Muka hau titi. Motar ta sauya giya sumul, sai na ji ya ce a hankali, "Ta biyu." Can kuma, "Ta uku." Daɗi ya ɗebe ni, na taka totur.

"Leon!" ya daka mini tsawa. "Sassauta ƙafar nan. Ba taka ba ce."

Shekarata hamsin da huɗu, ban taɓa shan faɗa mai daɗin wannan ba. Ta madubi na hango Bernadine tana fyace hanci da farar takardarta. Ta ce hayaƙi ne. Hayaƙin da ita da kanta ta kashe tun Laraba.

Bernadine, ke ce mai saurare kafin ki kwance. Ke ce ba ki taɓa sauke giyabos don ki huta da tunani ba. Sati ukun da aka ce in jira, babana ba shi da su a hayyacinsa, kuma kafin ganye ya gama zuba ya rasu. Kin ce roba kika canja. Ni dai na san sunana kika dawo mini da shi.

Na gode. Masu gareji, kafin ku ce wa mutum sati uku, ku zauna kusa da shi ku rufe ido tukuna. Mu kuma masu kallon bidiyo, mu ajiye gwangwanin.