Ranar da Na Taka Keken Ɗinki Don Digirin 'Yata

Ko an ce na manta sunan unguwarmu, ba zan manta ranar da na shiga ɗakin binciken jami'a da ƙafar keken ɗinki ba. Ni mai gyaran keken ɗinki ne a unguwar Ɗan Iya. Bokona aji uku ne, shi ma rabinsa a bisa bishiyar mangwaro na yi shi.

'Yata ta biyu kuwa Allah ya ba ta kai. A lokacin tana neman digirin dakta, kuma aikinta, yadda ta yi mini bayani, shi ne kiwon ƙwayoyin halittar jijiyar jini a kan wata 'yar roba. Inji yana jan robar yana saki, kamar yadda jijiya ke yi idan zuciya ta buga, ita kuma tana duba yadda jan yake canja su. Na ce, "Wato duk karatun nan, kiwo kika koma? Kuma dabbar da ba a gani, balle a yanka?" Shekara biyu ina yi mata wannan tsiyar.

Wata Talata da safe sai ga ta a shagona, ido ya yi ja. Motar injin, wato abin da ke juya shi da lantarki, ta ƙone. Ƙwayoyin da suka rage na ƙarshe ne, ranar ce ya kamata a ja su, kuma kafin a kawo wasu daga waje wa'adin digirinta ya cika.

Na ce, "Injin naki yana da wili?"

"Yana da shi, Baba, amma ba irin aikinku ba ne."

"Abin da ke da wili duk ɗan gidanmu ne."

Na kwance ƙafar wani tsohon keke, na ɗauki bel, na kira maƙwabcina, wani tela Ibo da muka shekara ashirin muna zagin juna. Muka loda a Keke Napep.

A ƙofar ɗakin na tuɓe takalmana don girmamawa, na yi sallama. Wata ma'aikaciya ta kusa suma. Ashe a nan ba a tuɓewa, ƙari ake yi. Aka sa mini leda a ƙafa, leda a kai, farar riga a kan 'yar sharata. Tela ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai kama da mai saida nama yanzu."

Motar a wajen akwatin ɗumin da ake ajiye ƙwayoyin take, sanda ce kawai ke shiga ciki. Na cire motar, na ɗaura bel daga wilin zuwa ƙafar keke, na taka. Robar ta miƙe, ta dawo. 'Yata ta dafe baki.

Sai ta faɗi sharaɗin. Taku ɗaya kowace daƙiƙa, awa shida, ba tsayawa, ba sauri. Ta ajiye agogo a gabana. Ni da ban taɓa zuwa ko ɗaurin aure a kan lokaci ba!

Muka riƙa karɓa-karɓa da tela, shi ya ɗora ƙafa kafin in ɗauke tawa. Da azahar ta yi ya ce, "Je ka yi salla, ka roƙa wa ƙafa na ma." Wajen la'asar cinyarsa ta riƙe, ya zauna a ƙasa yana kiran uwarsa da yarensu. Awa ɗaya da rabi ta ƙarshe ni kaɗai na yi ta. Gumi ya cika ledar kaina, gwiwata tana ƙara fiye da keken. Duk lokacin da na so tsayawa sai in ga 'yata tana ƙirga da leɓe, kamar yadda take yi tana ƙarama idan na ba ta sukurori ta riƙe mini.

Da lokaci ya cika ta ɗauki robar ta sa a madubin ƙara girma. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Sai ta ce, "Baba, zo ka ga dabbobina."

Tun da safe ta riga ta nuna mini hotonsu a warwatse kamar 'yan kasuwa. Yanzu kuwa sun juya, sun jeru a gicciye, sahu-sahu kamar liman ya ce a daidaita. Na ce, "Ƙafata ce ta yi wannan?" Ta ce, "Ƙafarka da ta Oga tela." Daga ƙasa tela ya ce, "A rubuta!"

An kuwa rubuta. A shafin godiya na littafin digirinta akwai mai gyaran keke da tela, na sa an karanta mini har sau uku. Yau farfesa ce, injinanta sababbi, amma ƙafar keken tana nan a ofishinta, ta hana ni.

Abin da na koya shi ne kada in ƙara raina aikin da idona bai gani ba, kada kuma in raina wanda ke hannuna. Tsiya dai ban daina ba. Duk wanda ya tambayi iyakar karatuna, nakan ce aji uku, da awa shida a jami'a.