Amsar da Na Ba Ɗan Sanda a Duwala

Ana sallame sallar asuba muka bar Yola, ni da kawuna, ko ruwan shayi ba mu kurɓa ba. Masu tambayar ina na shige kwana goma sha biyu, to Duwala na je, kuma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Waya aka yi mana cewa ƙanena Nasiru, wanda ya shekara biyu yana sayar da takalma a can, yana hannun 'yan sanda. Mai wayar bai ƙara komai ba sai "ku zo da wuri".

Akwai abin da mai wayar bai sani ba. Nasiru yana da taɓin hankali tun yana ɗan shekara ashirin. In yana shan maganinsa ba ka raba shi da kowa, in ya bari kuwa sai addu'a. A gidanmu ba a taɓa kiran ciwon da sunansa ba, "zazzaɓinsa" muke cewa, kuma ni ce kan gaba wajen toshe bakin duk mai son yin magana. Katin asibitinsa ma can ƙasan jaka na cusa shi, ƙarƙashin zannuwa, kamar kayan sata.

A bakin iyaka na ba ɗan canji naira cike da leda, ya miƙo mini 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Daga Garwa zuwa Ngaundare shingen jandarma ya fi ƙarfin lissafina. Faransancin kawu kalma biyu ne, "wi" da "mersi", kuma da su yake amsa kowace tambaya, har wani jandarma ya yi dariya ya sallame mu. A jirgin ƙasan Yawunde mata suna ta miƙo zuma da ayaba ta taga, da wani tuwon rogo dogo naɗe a ganye da suke kira bobolo. Kawu ya ci uku yana kushe shi. A tashar Yawunde na hangi wani mutum da tsumma a jiki, gashi duk ya cukurkuɗe, yana tonon bola. Sai da na matsa na leƙa fuskarsa, alhali na san ba shi ba ne.

Duwala gari ne mai zafi mai jiƙa, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Ruwan sama ya tarye mu, kwatoci suka cika suka tumbatsa kan titi, 'yan acaɓa, su bensikin suke ce musu, suna ratsawa ko a jikinsu. Da muka shiga unguwar New Bell sai na ji Hausa ta ko'ina, amma an yi mata miya da Faransanci, rabin zance ka gane, rabi ya wuce ka. Ga hayaƙin tsire, ga gasasshen kifi, ga kiran sallar la'asar. A hanya muka bi ta gefen wata doguwar katanga, mata sun yi layi a jikinta riƙe da kulolin abinci. Na tambayi direban tasi, ya ce gidan yari ne. Na kawar da kai.

Maigidan Nasiru, dattijon da ya ba shi ɗaki da kaya tun zuwansa, shi ya sauke mu ya warware mana komai. Wata huɗu ke nan yaron ya daina barci, yana surutai shi kaɗai. Suka ɗauka ƙwaya ya fara sha, aka yi faɗa, aka yi nasiha, a ƙarshe aka karɓe kayan. Ya bar ɗakin ya koma kwana ƙarƙashin teburan kasuwa. Ranar da abin ya faru, shagon wani ya shiga a kasuwar Nkololoun, ya dinga kwasar takalma yana raba wa masu wucewa, wai sadaka. Aka yi ihun ɓarawo. Dattijon ya ce da 'yan sanda sun ƙara minti biyar, da gawa za mu zo ɗauka, don har an fara neman taya da fetur. Duk da haka ban ce uffan a kan ciwon ba.

Washegari muka tafi ofishin 'yan sanda. A al'adar mutanenmu na can ba a zuwa gaban hukuma mutum ɗaya, don haka maigidan ya tattaro 'yan kasuwa bakwai su yi mana rakiya, biyu daga ciki 'yan unguwarmu ne na Yola. 'Yar maigidan, haifaffiyar Duwala mai aikin ofis a unguwar Bonapriso, ita ce tafinta.

Aka fito da Nasiru ba takalmi, leɓe a kumbure, ya rame har ƙashin wuya ya fito. Ya dube ni ya ce, "Adda, kin zo? Gaya musu takalman nan nawa ne."

Jami'in, wani mai furfura da bai ɗaga mana murya ba ko sau ɗaya, ya yi tambaya, yarinyar ta juyo gare ni. "Anti, wai ƙanenki yana da ciwon ƙwaƙwalwa? Ya taɓa zuwa asibiti a kai?"

Na gane tambayar sarai. Na dubi mutanen nan bakwai, na tuna kafin mu isa gida labari ya riga mu. Wa zai sake ba shi kaya? Wa zai ba shi mata? Kuma a raina na ɗauka in na ce e, wani wuri za su kai shi su ɗaure da mari, ba za mu ƙara ganinsa ba.

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau. Zazzaɓi ne kawai."

Yarinyar ta rage murya. "Anti, kin tabbata? In akwai, yanzu ne lokacin faɗa."

Na ce na tabbata. Kawu ya sunkuyar da kai. Jami'in ya rubuta, na sa hannu.

Sai a waje ta fahimtar da ni ɓarnar da na yi. Ashe hanya jami'in yake nema mana. Mai shagon, wanda shi ma yana cikin ofishin, ya riga ya ce in mara lafiya ne zai haƙura, a kai shi wurin likita. Yanzu kuwa yayarsa ta shaida da hannunta cewa mai hankali ne ya kwashi kayan mutane. Nan a bakin titi na zazzage jakata, na zaro katin na koma da gudu. Jami'in ya juya shi, ya dube ni, ya ce mai shagon ya ji amsata ya tafi a fusace, takarda kuma ta wuce gaba, sai dai in nuna wa alƙali. Kashegari aka kai Nasiru bayan katangar nan.

Kwana biyar ina bin layin mata da kular shinkafa. A haɗuwarmu ta ƙarshe bai ci ba, yana ta waige-waige, wai ana kiran sunansa ta cikin bango. Ina tsoron ranar da zai ɗauki kwanon wani ya ce nasa ne, a wurin da ba mai yi masa uzuri. Lauyan da muka samu ya ce sai an fassara katin zuwa Faransanci, sannan ya roƙi alƙali ya sa likita ya duba shi, kuma bai san yaushe ba. 'Yar maigidan ta ce ta karanta cewa a wasu ƙasashe akwai kotu ta musamman don irin su Nasiru, inda alƙali ke zama da likita, magani ya zama shi ne hukuncin. Na ce ko can aka kai mu, ai sai dangi sun buɗe baki tukuna.

Maigidan bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Cewa ya yi, "Hajiya, da kun gaya mini tun ranar da ya zo, da ni zan riƙa ba shi maganin nan da shayin safe."

Hutun da aka ba ni a makarantar da nake koyarwa ya ƙare, na baro kawu a can na kamo hanya ni kaɗai. Abin da na koyo ɗaya ne, kuma da tsada na saye shi: rufin asirin da muka shekara goma muna yi, kanmu muka rufa wa, shi kuwa a titi muka bar shi. Duk mai irin wannan mara lafiya a gida, in zai tura shi wani gari, ya gaya wa wanda zai riƙe shi gaskiya.

Ina sauke jaka maƙwabciyarmu ta shigo yi mini sannu da zuwa, ta ce ya Nasiru. Inna ta riga ni amsawa: "Lafiya lau, kasuwa ce ta riƙe shi."

Na ce, "Inna, yana kurkuku. Taɓin hankali gare shi, kuma ni na musa a gaban hukuma."

Yau kwana uku Inna ba ta amsa gaisuwata ba. Kawu ya kira ɗazu, ya ce har yanzu ba a sa ranar shiga kotu ba.