Ranar da likita ya kashe ni a bakin gada

Likitan nan ya kashe ni a gaban mutanen kasuwa, bai kuma dawo ya ce musu ƙarya ce ba. Laifinsa ke nan, kuma har yau ban yafe duka ba.

Soyayyen kifi nake sayarwa a bakin gadar Binuwai, nan Garwa. Shi kuma mai cin kifina ne, mutum mai ban dariya. Aikinsa bin kasuwanni yana ƙwace jabun magani, sai kuma shirya asibiti kafin annoba ta zo. Wata shekara, gab da damina, ya ce mini: "Malam, za mu yi gwajin kwalara. Muna son wanda zai yi kamar ta kama shi, mu ga ko ma'aikata za su iya."

Na ce, "Likita, ni da na iya kwanciyar ƙarya tun ina gudun makaranta?"

Ranar na zage. Na riƙe ciki, na faɗi kusa da kaskona, na juya ido. Motar asibiti ta zo da jiniya, mutane cikin fararen kaya har fuska suka ɗauke ni, suka fesa magani a rumfata. A tanti aka liƙa mini takarda a ƙirji wai na mutu. Na sha lemo mai sanyi, na yi barcin rana mai daɗi. Likita ya ce bai taɓa ganin gawa irina ba.

Ashe sanarwar cewa gwaji ne, da Faransanci suka rubuta ta, suka manna a ƙofar asibiti. Wa ke karanta ƙofar asibiti a bakin gada? Kafin la'asar matata ta shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Da na shigo gida, surukata ta zubar da buta ta yi bayan gida.

Nan dariyar ta tsaya. Daminar nan kaf ba mai taɓa kifina. Direbobin Marwa su wuce suna gaida ni da Fillanci, "Gawa, jam na?" amma su saya a gaba. Na je wurin likitan sau uku, ana cewa yana taro.

Gaskiya ɗaya zan faɗa. Da kwalara ta gaske ta shigo unguwarmu bayan shekara, ma'aikatansa ba su yi dabur-dabur ba. Ƙanwata na cikin waɗanda suka tashi daga ciwon. Shi likita aka ɗaga shi zuwa Yawunde, yana sa hannu a kan maganin da zai shigo ƙasa. Ni kuma sunan gawa ya bi ni, har yau akwai masu tsallake rumfata.

Bara sai ga shi, da furfura da tumbi, yana washe baki: "Malam, kana raye?"

Na jawo benci na ajiye a tsakiyar hanya, na ɗora masa kifi mafi girma, na kira maƙwabta. Na ce:

"Likita, zauna. Ka iya shirya gari kafin annoba, ka kasa aiko mutum ɗaya ya yi shela a kasuwa. Wanke hannu ka ci, kowa na kallo. In ka gama, ka miƙe ka gaya musu da Hausa da Fillanci cewa ban taɓa yin kwalara ba. Faransancin ka bar shi a mota."