Amalanke a Wyoming, Kabari a Nebraska

Muna sallame sallar asuba muka bar gidan da muke haya a jihar Nebraska, ni da Malam maigidana, da fulas ɗin shayinsa wanda ko ni ba ya riritawa haka. Ku da kuke bibiyata kun san jami'armu ta Wudil ce ta turo shi Amurka ƙaro karatu, kuma ya kammala. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, tikitin komawa gida yana hannu amma na ce masa babu inda za ni. A can muka haifi 'yarmu ta fari, ta koma kafin ranar suna. Shi da mazan masallaci suka kai ta, ni ina gida, tunda a wajenmu mace ba ta raka gawa. Ko hanyar kabarin ban sani ba, amma zuciyata ta ƙi yarda in haye teku in bar ta cikin baƙi. Malam bai ja da ni ba. Cewa ya yi tunda ana hutun zafi, mu yi hayar mota mu ga ƙasa kafin a sake maganar.

Jama'a, na ga titi! Ba rami, ba shinge, ba mai tallan rake, sai gonakin masara iya ganinka. Da manomin Achika ta wajenmu zai ga wannan, sai ya ajiye fartanya ya riƙe baki. A gidan mai kuwa Malam ya harɗe hannu yana jiran mai zubawa, har na bayanmu ya leƙo ya nuna masa da kansa zai yi. Abinci na hanya ban ba ku shawara ba. Kuɗin faranti ɗaya zai kawo miki kaza mai rai a kasuwar Juma'a ta Wudil, ga shi ba gishiri ba yaji. Dambun naman da na ƙunso ne ya rufa mana asiri.

Hanyar da Malam ya zaɓa ita ce wadda Mormon suka bi. Wata ɗariƙa ce ta Kiristoci da aka tsangwama a gabashin ƙasar, suka yi hijira zuwa yamma, masu hali da shanu, talakawansu a ƙafa suna jan kayansu a amalanken hannu. Mun wuce wani dutse siriri da ya miƙe tsakiyar fili kamar hasumiyar masallaci, shi ne alamar da suke hangowa tun daga nesa. Da muka shiga Wyoming muka hau wani ƙaton dutse da matafiya suka sassaƙa sunayensu a jiki. Daga samansa sararin ya yi mini yawa, ba gida ba bishiya, sai iska. Ban san lokacin da na fara tasbihi ba.

Gaba kaɗan akwai wani kwari inda ƙanƙara ta taɓa rutsawa da masu amalanke, da yawansu suka mutu. Wani dattijo da matarsa, masu aikin sa-kai, su suka tarbe mu. Malam ya ga girma ya zo, nan da nan ya tsiyaya wa dattijon shayi ya miƙa da hannu biyu. Mutumin ya dafa ƙirji ya yi godiya, ya ce addininsu ya hana su shayi da kofi, kamar yadda ya hana su giya. Ku zo ku ga fuskar Malam! Ya tsaya da kofin shayin a hannu yana kallon bawan Allahn da tausayi, a ƙarshe shi ya shanye abinsa.

Suna ba baƙi amalanken su ja, su ji yadda abin yake. Kusan kurar 'yan ga-ruwa ce, sai dai ta katako. Na shiga gaba, Malam na turawa, ba mu yi nisa ba kafaɗuna suka ɗau zafi. Dattijuwar na tafe a gefena, sai ta tambaye ni ko muna da yara. Mu ba mu saba a yi mana wannan tambayar kai tsaye ba. Amma na ce, "Ɗaya ce, Iya, kuma tana ƙarƙashin ƙasarku."

Ta riƙe hannuna. Ta nuna ciyawar da ke gefen hanya ta ce iyaye mata da yawa sun binne jarirai a irin nan, ba alama, gari na wayewa su koma jan amalanke.

Na ce, "Suka tafi suka bar su?"

Ta ce, "Da hannunsu suka rufe su, 'yata, suka yi sallama. Wanda suka bar wa ajiyar ya san wurin."

Na saki amalanken na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ta koma. Waɗannan mata ba addininmu ɗaya ba, amma na san abin da ke ƙirjinsu. Bambancinmu kawai, su sun yi sallama.

Mun ci gaba har birnin Salt Lake, inda hijirarsu ta tsaya. Babbar majami'arsu ta farin dutse daga waje muka kalla, ba a barin wanda ba nasu ba ya shiga, mu kuwa da muka san dokar Makka ba mu ji haushi ba. Mun ga tafkin gishiri, Malam ya ɗanɗana ya tofar. Daga nan muka gangara kudu wajen jajayen duwatsu da iska da ruwa suka huda suka mayar ƙofofi, kowace ta fi bene tsawo. Wallahi ban taɓa jin ƙanƙantata kamar ranar ba. A ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu na ce, "Malam, ka kai ni wajen 'yata."

Ya ce, "Kin san fa ba a saba ba." Amma daga baya ya ce to.

Da muka koma Nebraska bai sauke kaya ba, maƙabartar Musulmi ya wuce da ni. Kabarin ɗan wuri ne, bai kai tsawon hannuna ba, ciyawa ta rufe shi shar. Na durƙusa na dafa, na yi mata sallama, na gaya mata za mu tafi gida.

Shekaranjiya muka haye gadar Wudil, kogi ya cika da ruwan damina, kore ko'ina. Na ga duwatsu na ga ikon Allah, amma abin da tafiyar ta koya mini shi ne ba barin 'yata ne ya gagare ni ba, tafiya babu sallama ce ta gagare ni. Innata ta taso daga Dagumawa tarbata. Bayan an gama gaishe-gaishe da "Allah ya sa mai ceto ce", ta ja ni ɗaki ta rage murya ta ce, "Kin iya baro ta?"

Na ce, "Na baro ta, Inna. Amma na ga wurin da idona, tana fuskantar alƙibla."